Ranar da Kawu Aulis Ya Zama Bishiya

Kawu Aulis ya ɗago ido ya dube ni, ya ce, "Marjatta, kin rufe wa shanu ƙofa?"

Sunana Vilja. Marjatta mahaifiyata ce, ƙanwarsa, kuma rabon gidanmu da saniya tun kafin a haife ni. Yana zaune a kan kututture a bakin tafki, kofi na turiri a hannunsa, ga kumburi kamar ƙwai sama da kunnensa. Mutanen da ke kewaye da mu ba su gama dariya ba, domin shi ne ya ba su dariyar. Ni kaɗai na ji abin da ya faɗa.

Duk wanda ya taɓa jefa faifai a garinmu ya san Aulis Rautiainen. An haife shi a wata 'yar gona a hayin tafki. Yana saurayi ya bi sa'o'insa zuwa Sweden aikin masana'antar motoci, ya dawo da tsohuwar mota da ciwon baya da wani faifan roba mai ruwan lemo. Ya shiga aikin katako har aka rufe masana'antar, daga nan ya koma tuƙa motar share dusar ƙanƙara. Ya auri Helka, ba su haihu ba, ta riga shi rasuwa. Mama takan ce yayanta ya yi aure sau biyu: Helka, da dajin bayan makaranta.

A wannan dajin ya kafa filin wasan jefa faifai cikin kwando. Kwandon farko da hannunsa ya yi waldarsa, da bakin ganga da sarƙoƙin da ya tsinto a masana'antar katako, ya dasa shi a bakin tafki. A lokacin mutane suna tsayawa su kalli ƙato yana jifan kwando da faifai, su girgiza kai su wuce. Yanzu filin yana da zango goma sha takwas, kowanne da matsayar da ake jifa daga kanta da kwandonsa, kuma da yamma in zafi ya shigo sai ka bi layi. An sauya kwandunan da na kanti, sai dai wancan na farko, wanda ya zama kwandon zango na sha ɗaya. Shi kam Kawu ya ce sai bayan ransa.

Ba mai yawan magana ba ne. In an tambaye shi yaya, sai ya ce, "Ga mu nan." Yakan shiga kwale-kwale da manjagara ya tsamo fayafayen da suka faɗa ruwa, ya wanke, ya zauna yana kiran lambobin wayar da masu su suka rubuta a bayansu. Kiran nasa bai wuce kalma uku ba: "Faifanka yana wurina." Sai ya kashe.

Na gama digiri a kan tsara birane na dawo gida ina jiran aiki. Aikin bai zo ba. Na cika takardu har na gaji, kullum amsa iri ɗaya, an gode da sha'awar da na nuna. Na fara wuni a ɗaki labule a sake, wayata na ƙara in ƙi ɗauka. Wata safiya Kawu ya ƙwanƙwasa taga da sandarsa.

"Malama mai kwali, fito. Allunan fili sun koɗe, ana neman mai zane."

"Kawu, ni fa ba na jin daɗi."

"Sauro ma ba ya jin daɗi, sai ya same ki. Sa takalmi."

Haka na zama mai bin sa a daji. A wajensa na ga yadda ake fitar da zango. Ba ya sare itacen da ya fi damtsensa kauri. In yana son buɗe sabuwar hanya sai ya shekara yana zagaya wurin, ya ga inda ruwa ke kwanciya in ƙanƙara ta narke, inda tsofaffi ke tsintar naman kaza, inda rana ke dukan ido da safe. Na taɓa nuna masa hoton dajin daga sama a wayata, ya duba da kyau ya ce, "Ya yi kyau. In tsuntsaye sun fara wasan sai ki ba su."

Kowane zango yana da ma'auninsa, abin da 'yan wasa ke kira par, wato yawan jifan da ake sa ran mutum ya yi kafin faifai ya shiga kwando. Lamba ɗaya ce kawai a jikin allo, amma a kanta na ga manya suna daina gaisawa. Matasa suna cewa da hannun gwani ake auna ta. Kawu yana cewa shi da hannun wanda ya tashi daga aiki a gajiye yake awo.

Zango na sha ɗaya shi ne abin alfaharinsa. Matsayar tana kan tudu, kwandon yana can ƙasa a bakin ruwa. A tsakiya akwai wata tsohuwar bishiya mai jan ɓawo, ta baza rassa kamar laima. Ta damanta akwai hanyar ƙafa mai zuwa sauna, ɗakin wankan turiri na gari, da wurin ninƙaya, inda mata da yara ke wucewa da tawul a kafaɗa. Saboda su Kawu ya ɗaura wa bishiyar alamar jar kibiya, ta zama bishiyar dole: tilas faifanka ya wuce ta hagunta, in ya bi ta dama an ƙara maka jifa ɗaya na tara. Faɗin rassan ya sa ba mai kusantar ta. Kowa sai ya jefa can hagu cikin sarari, ya juyo a hankali zuwa kwando. Ma'auni huɗu. Shekara da shekaru ba a taɓa jin faifai ya taɓa kowa a hanyar sauna ba.

Ana saura mako guda gasar shekara ta ƙungiyarmu, hadari ya taso daga tafki. Da gari ya waye aka tarar da bishiyar a kwance, saiwoyinta a sama. Ashe duk tsawon rayuwarta a kan falalen dutse take, ƙasar da ta riƙe ba ta kai gwiwa ba. Aka kira gayya. Maza suka zo da injin zarto, mata suka kawo kofi da burodin zaƙin da muke kira pulla. Kawu bai taɓa zarto ba. Ya tsaya gefe hannu a aljihu har aka gama, sannan ya je ya kwance jar kibiyar daga gungumen ya sa a aljihun rigarsa.

Da aka gama aiki muka zauna a rumfar ƙungiya ana gasa sosej a wuta. Jyrki, shugaban ƙungiya, mai sayar da tayoyi, shi ya buɗe zancen.

"Baba Aulis, za mu kafa sanda a gurbinta, mu ɗaura kibiyar. Doka tana nan. Amma lambar ta zama uku."

"Huɗu," in ji Kawu.

"Haba Baba. Rassan sun tafi. Santtu zai iya kai kwandon nan da jifa ɗaya."

Santtu, mai gyaran lantarki, wanda ya fi kowa ƙarfin hannu a garin, ya cije sosej ya ce, "Da rabin jifa ma. Baba, in ka bar huɗu baƙin da za su zo za su ce filin 'yan fansho muke da shi."

"To 'yan fansho ba mutane ba ne?"

"Mutane ne, amma su je su yi kamun kifi."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya juya sosej ɗinsa a wuta ya ce, "Ku kuna ganin lambar nan ƙirga ce. Umarni ce. In ka rubuta wa mutum huɗu, zai jefa a hankali, ya san yana da sarari. Ka rubuta masa uku, zai tattara duk ƙarfin da uwarsa ta ba shi ya sake shi lokaci guda. Kuma ina zai nufa? Jikin sandar, don nan ce gajeriyar hanya. In hannu ya kuɓuce kaɗan, faifan yana hanyar sauna."

"Za mu ɗaure hanyar da zare ranar gasa," in ji Jyrki.

"Kashegarin gasa fa, ranka ya daɗe?"

Ni ce na tsoma baki. Na ce akwai mafita mai sauƙi: a ɗauke kwandon daga bakin ruwa a mai da shi cikin sararin hagu. Zango zai gajarta, uku ta dace da shi, kuma ba mai dalilin kallon wajen hanya. Jyrki ya tafa ya ce ai ga amfanin karatu. Kawu ya dube ni kamar na ce a tone kabari.

"Kwandon nan ba ya motsi."

"Kawu, na wannan shekarar kawai."

"Helka ce ta riƙe mini shi ina zuba siminti. Ba ya motsi."

Jyrki ya ce a yi ƙuri'a. Aka ɗaga hannu. Uku ta ci, kwando ya zauna inda yake. Kowa ya sami rabin abin da yake so, kuma rabin nan biyu da aka haɗa su ne suka kai mu inda muke. Kawu ya gama sosej ɗinsa, ya wanke kofinsa, ya ce a kwana lafiya.

Sandar ta ƙi tsayuwa. Ƙasan wurin dutse ne, sai aka tara mata duwatsu a gindi. Cikin makon nan na ga Kawu yana tayar da ita sau da yawa. Mai injin huda dutse ya ce sai bayan hutunsa.

Ranar Asabar, ranar gasar, gari ya waye da farin gajimare da iska daga tafki. Baƙi sun zo daga garuruwan maƙwabta, motoci har bakin titi. Ni aka ba duba hanyar sauna, in tsayar da masu wucewa in ana jifa. Daga inda nake ina ganin tudu da kwando gaba ɗaya. Rukuni na farko bai gama jifa ba sandar ta kife. Aka tayar, ta sake kifewa. Wani baƙo ya ɗaga murya daga kan tudu yana tambaya ko dokar tana nan tunda sandar tana kwance.

Sai na ga Kawu ya fito daga cikin itatuwa. Ya ɗaga sandar, ya kafa gindinta cikin duwatsun, ya rungume ta da hannu ɗaya, ya tsaya.

Jyrki ya sauko da gudu. "Baba, me ke nan?"

"Bishiya."

"Fito daga nan, don Allah. Mu soke dokar yau kawai."

"In an soke ta yau an soke ta har abada. Jeka, ana jiranka."

"Kan layin jifa kake fa."

"Tun kana cikin zani nake kallon faifai a sama. Ina ganinsa tun daga hannun mai shi. In ya nufo ni zan sunkuya."

Na kira shi daga bakin hanya, "Kawu, bar ni in riƙe, ko mu ɗaure ta da igiya."

"A jikin me, malama? A jikin iska? Kula da hanyarki."

A garinmu in babba ya ce zai iya, ba a sake tambayarsa. Tambaya ta biyu cin fuska ce. Jyrki ya sosa ƙeya, ya koma kan tudu. Ni ma na koma bakin zarena.

Da farko abin ya zama nishaɗi. Masu jifa suna gaishe shi, "Sannu, bishiya!" Wata mata ta ce ko a zuba masa ruwa a gindi. Yawancinsu saboda shi suka riƙa jefawa can hagu da nisa, kamar da. Biyu ko uku suka matso, yana karkata kai kaɗan faifan ya wuce yana fito. Har na fara sakin jiki.

Rukunin Santtu ya iso wajen tsakar rana. Yana kan gaba a gasar da jifa ɗaya tak, wani baƙo na bin sa. Ya tsaya a matsaya, ya zaro farin faifai mai kaifin baki, irin na nisa. Ya dubi allo, ya dubi kwando. Ya sa hannu a baki ya yi kira.

"Baba, matsa kaɗan!"

"Bishiya ba ta matsawa. Jefa!"

"Ina zuwa kusa fa!"

"Ka ce rabin jifa. Mu gani."

Santtu ya ja da baya, ya tako, ya saki. Farin faifai a cikin farin sama. Ni kaina ban gan shi ba sai da ya yi rabin hanya. Iska ta tura shi dama kaɗan, kaɗan ƙwarai. Mutane suka yi ihu. Kawu yana kallon sama, amma ba inda faifan yake ba. Na ji ƙarar kamar an buga katako, sandar ta tafi gefe, shi kuma ya faɗi da baya a kan falalen dutsen.

Kafin in isa ya tashi zaune. Yana shafa kai yana neman hularsa. Santtu ya iso yana haki, fuskarsa fari fat.

"Baba! Baba, yi haƙuri, ban..."

"Ta ina ya wuce?"

"Me?"

"Faifan. Ta haguna ko ta damana?"

"Bai wuce ba, Baba. Kai ya samu."

Kawu ya waiga ya ga faifan kwance a gabansa cikin ciyawa. "To bai karya doka ba. Bishiya ya daka. Sa alamarka ka jefa daga inda ya kwanta."

Dariyar da aka yi ta sauƙin zuciya ce. Jyrki ya ce a kai shi asibitin gari a duba, Kawu ya ce asibiti a rufe yake ranar Asabar, kuma shi bai ga abin dubawa ba, ya sha bugun da ya fi wannan a ƙofar sauna. Na ce a kira motar asibiti, ya harare ni. Ya dai yarda a kai shi bakin tafki ya zauna, wani ya karɓi sandar ya jingine ta gefe, aka zuba masa kofi. Ya ƙi barin wurin sai ya ga Santtu ya gama zangon.

Santtu ya sa alamarsa ya jefa. Jifa na biyu ya tsaya nesa, na uku ya daki bakin gangar ya faɗi, na huɗu ya shiga sarƙa.

"Nawa ke nan?" in ji Kawu.

"Huɗu, Baba."

"Huɗu. Me na gaya muku?"

Ana cikin wannan dariyar ce ya dube ni ya tambayi Marjatta ko ta rufe wa shanu ƙofa.

Na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, ni ce Vilja." Ya yi murmushi kamar na faɗi abin ban sha'awa. Ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. Kofin ya karkace, kofi na zuba a wandonsa bai ji ba. Ban san lokacin da na kira motar asibiti ba, amma ina tuna matar da ta ɗauki wayar tana ce mini in yi numfashi, in faɗi sunan titi. Filin ba shi da sunan titi. Na yi ta cewa bayan makaranta, zango na sha ɗaya, kamar duk duniya ta san zango na sha ɗaya. Kafin su iso ya yi amai, ya daina amsawa. Santtu da Jyrki da wasu baƙi biyu suka taimaka aka ɗauko shi ta hanyar sauna, don ita ce kaɗai gadon asibiti ke iya bi.

A babban asibitin birni aka ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansa, daga faɗuwar da ya yi a kan dutse. An yi masa aiki a ranar. Tun daga lokacin yana kwance da na'urori, an ba shi maganin da ke riƙe shi cikin barci don kan ya huta.

Ni da Mama muna zuwa kullum da safe mu koma da yamma. Ba ta kuka a gaban mutane. Tana saƙa safa a ɗakin jira, in ta yi kuskure ta warware ta sake. Na gaya mata abin da ya ce game da shanu, ta ce rufe ƙofar aikinta ne da suna yara, kuma kullum sai ta manta, shi yake bi ya rufe don kada babansu ya sani.

Santtu yana zuwa shi ma, amma ba ya shigowa. Ina hango motarsa ta aiki daga taga, yana ciki yana kallon sitiyari. Jiya na sauka na ƙwanƙwasa masa gilashi. Farin faifan yana kan kujerar gefe, sunansa da lambarsa a baya. Ya ce ya rasa yadda zai yi da shi, ya kasa jefar da shi a tafki don Baba ne zai tsamo ya kira shi. Ya so ya yi dariya, ta ƙi fita. Na ce ya hau sama, Mama ba ta riƙe shi da komai ba. Ya ce gobe.

Ƙaramar hukuma ta zagaye zango na sha ɗaya da zare mai ja da fari. Jyrki ya kira yana tambaya ko ya mai da lambar huɗu, ko kuwa a ɗauke kwandon kamar yadda na ce. Na miƙa wa Mama wayar. Ta ce kada kowa ya taɓa komai sai mai shi ya faɗa da bakinsa.

Jakar kayan Kawu tana ƙarƙashin kujerata. Akwai hularsa da makullan kwale-kwale da jar kibiyar, wadda Jyrki ya kwance daga sandar ya cusa a ciki ana ɗaukarsa. In na rufe ido sai in ga farin saman nan, ina neman faifai a cikinsa.

Yau da safe likitoci suka fara rage masa maganin barci. Likitar ta ce ba ta da tabbacin zai farka, kuma in ya farka ba ta san abin da zai tuna ba. Ta ce in an ga alama za ta fito ta gaya mana da kanta. Muna zaune a ɗakin jira. Ba ta fito ba tukuna.